Finafinan da Muka Kalla da Yoila

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

An ba mu hutun makaranta, shi ya sa yau na zauna na kalli fim tare da ƙanena Yoila. Tun da aka tare motar da yake tuƙawa a hanyar Damboa wancan watan, bai leƙa ƙofar gida ba. Shi ya dawo. Dzarma, kwandastansa, bai dawo ba. Ba ya son zancen. Sai dai ya saki labule da rana tsaka, ya kunna finafinan ban tsoro a kwamfutata, ɗaya bayan ɗaya.

Na yau na Turawa ne. Wasu iyali sun tare a tsohon gida, kujeru suna tafiya da kansu. Shirme. Kujera ta yi tafiya a gabanka, kuma ka kwana a gidan? Na ce da a nan unguwarmu Dala ne, kafin la'asar sun kwashe kayansu. Yoila ya ce, "Su je ina, Yaya? Gidansu ne."

Rabon da in ji doguwar magana haka daga bakinsa, na manta.

Talata, 8 ga Afrilu

Na hau keke zuwa Kasuwar Litinin, na sa mai tura finafinai ya cika mini filashi. Ya tambaye ni ko na maigida ne. Na ce ya dai tura.

Mun kalli wani na Koriya. Yarinya ta ɓace a kogi, daga baya ta dawo gida da ƙafarta. Fuskarta ce, muryarta ce, amma uwar ta san wani abu ya canja. Babu fatalwa, babu ihu. Uwar tana zuba mata abinci tana satar kallonta, shi ke nan. Wannan ya yi kyau. Ban so ya yi kyau haka ba.

Na zuba wa Yoila tuwo, na koma kicin na ci nawa a tsaye.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Bayan sujada Dorothy, matar Dzarma, ta tare ni a bakin coci, tana goye da Gift. Ta rame ƙwarai. Ta ce, "Anti Kezia, ki gaya masa ba faɗa zan yi ba. Shi ne na ƙarshe da ya gan shi. So nake in ji kawai."

Na ce mata ba shi da lafiya. Ai ba ƙarya na yi ba.

Ban gaya masa ba. Sai ya ƙara ƙarfi tukuna.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na matattu masu tashi suna cin mutane. Hayaniya ce kawai, jinin ma kamar ruwan tumatir. Yoila ya yi dariya, ya ce ba haka jini yake bushewa a jikin riga ba. Na rasa inda zan sa idona.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Ni kaɗai na je. Na fita ta ƙofar baya don kada mu haɗu da Dorothy.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zafi kamar garin zai kama da wuta, mu kuma labule a sake. Maƙwabciyata Kaltum ta shigo aron rariya, ta same mu a duhu, wata tsohuwa tana rarrafe a jikin silin cikin fim. Ta gaishe mu da Barbarci, ta ce, "Wushe dai. A'uzu billahi, wannan kuma mene ne?" Ta ja ni tsakar gida. Ta ce shi ba ya fita, to wa ke kawo masa waɗannan abubuwan? Na ce suna ɗebe masa kewa. Ta ce, "Shi ko ke?"

Na ji haushi. Ita ba ta je asibiti tana ɗaga zane daga fuskokin gawarwaki tana neman ƙaninta ba. Muddin yana gaban kwamfutar nan, na san inda yake.

Fim ɗin tsohuwar ma bai yi ma'ana ba. Har aka gama ba a faɗi abin da take nema ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ban san abin da ke ciki ba, da ban kunna ba. Matasa ne a cikin bas, hanya a daji, sai ga gungume a tsakiyar titi. Direban ya rage gudu. Yoila ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar a hankali.

Sai ya fara magana, idonsa a bango. Ya ce shi ma ya rage gudu. Dzarma ya ce masa ya juya, babu wurin juyawa. Aka sauke kowa, aka kwantar da su a gefen titi. Da harbi ya tashi daga wani ɓangaren, mutane suka watse cikin daji. Dzarma yana gabansa, ya faɗi, ya riƙe masa hannu, ya faɗa masa wata magana ya kai wa Dorothy. Bai gaya mini maganar ba. Ya ce ba tawa ba ce.

Ya ce, "Ba ta neme ni ba, Yaya. Na san ba ta son ganina."

Dole na faɗa masa cewa Dorothy ta neme shi. Ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tashi ya ɗaga labulen, ya tsaya yana ƙifta ido.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ya je. Na ce in raka shi, ya ce a'a. Na share tsakar gida har sai da Kaltum ta leƙo ta katanga ta ce in bar wa ƙasar nan sauranta. Ya dawo gab da magariba, idonsa ja, kafaɗar rigarsa duk majinar Gift. Ya cinye abincinsa, ya nemi ƙari.

Asabar, 3 ga Mayu

Jiya ya je tasha gaishe da mutane. Mai motar ya ce in ya shirya, akwai hanyar Damaturu, ya fara jibi. Na ce ban yarda ba. Na faɗa masa duk abin da ke bakina, har da abin da bai kamata ba. Ya saurara, ya ce, "Na ji, Yaya." Na san wannan na ji ɗin.

Yau da ya fita na kunna wani ni kaɗai. Wata mata ce a gida, tana jin taku a waje, ba ta san ko na mijinta ne ba. Ban iya kai shi rabi ba. Ba zan ce ya yi kyau ko bai yi ba, ban gani ba.

Har yanzu ban yarda ba, kuma zan sake gaya masa in ya dawo. Shuɗiyar rigar da yake tuƙi da ita dai na wanke. Wanki nake yi dama, kuma tana kusa. Maɓallin wuyan ya tsinke, na ɗinke.