Zaren da Mahaifiyata Ta Auna Ni da Shi

Uwargida Fotini mai ba mutane shawara a jarida, ki taimake ni. Gidana ya rabu biyu a kan gwiwoyina, ga tafiya ta matso. Ni ban iya rubutu ba. Timiyos, tsohon mai raba wasiƙu na ƙauyenmu, shi ke rubuta abin da nake faɗa a nan shagon gahawa, kuma na gaya masa in ya gyara mini magana zan gani a fuskarsa.

Sai na faro miki daga shekarar da ƙasa ta girgiza a yankin Karditsa, Juma'ar bayan bikin Ista, ina ɗan shekara shida. Azarar ɗakinmu ta faɗo ta danne mini ƙafafu, da hannu aka tono ni. Likitan da ya duba ni ya ce wa mahaifiyata Argiro ta haƙura, yaron nan ya gama taka ƙasa. Sai ta ciro zaren auduga daga masaƙarta, ta auna ni ina kwance, daga diddige zuwa tsakar ka, ta yanke da haƙori. Ta yi bakance ga Uwa Maryamu ta tsibirin Tinos: in yaron nan ya tashi, za ta sa a yi kyandir da wannan zare a matsayin lagwani, ta kai shi da rarrafe tun daga bakin ruwa har ƙofar coci, yadda mata ke yi. Kafin a tsinci auduga na miƙe. Makarantar ƙauye ma ta rushe a ranar, ubana ya ce wannan ishara ce, ya miƙa mini sandar kiwo. Da ƙafafun nan na bi tumaki har tsufa, kan dutse lokacin zafi, fili lokacin sanyi.

Ita kuwa ba ta je ba. Bana fari, baɗi haihuwa, wata shekara jinya, har ta kwanta ciwon ajali. Ta ɗauko zaren daga bayan hoton Maryamu, ta damƙa mini, ta ce, “Yana wuyanka.” Ni ma tumaki ba sa ba da hutu, kuma gaskiya ni da teku sai dai gaisuwa daga nesa. Daga kan dutse na taɓa hango shi, yana walƙiya kamar kwanon rufi.

To bana sai ga 'yata Stamatiya, mai aikin jinya a Larisa, ta zo ta ce, “Baba, tunda ka riga ka sayar da tumaki, ba ka da sauran uzuri. Za mu kai ka tsibirai.” Ita da mijinta Lambis da jikata Zinoviya mai karatun tarihi a jami'a. Jirgin ruwa, Uwargida! Mai hawa-hawa kamar asibiti, da motoci a cikinsa. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. Na sayi malafa. Na yi aski ba a ga biki ba. Duk wanda ya shigo shagon nan sai na jera masa sunayen tsibiran, har yanzu in sun hango ni sai su ce ga kyaftin nan ya iso. Lambis ya kawo mini gajeren wando, na ce ya ajiye wa ubansa.

Zinoviya ta nuna mini hotunan kufai a wayarta. Ginshiƙan farin dutse a tsaye ba rufi, zakunan dutse a jere suna kallon ruwa, gidan sarki mai ɗakuna kamar saƙar zuma. Ni da na gina shingen dutse da hannuna, ina so in taɓa in ji yadda suka haɗa nasu ba laka. Ta ce akwai tsibirin Delos, inda mutanen da suka hana a haihu ko a mutu a cikinsa. Lambis ya ce, “Can za mu bar ka, suruki, mu huta da kuɗin akwatin gawa.” Na ce, “Ku bar ni, in dai kai ba za ka kawo ziyara ba.” Haka muke da shi, ba mugu ba ne, tuƙi ne kawai bai iya ba.

Da na ga taswira sai na tambayi Zinoviya wane tsibiri ne wannan a gefe. Ta ce Tinos. Uwargida, sai da na nemi kujera. Na ɗauko zaren na ba su labari, duk da sun ji shi har sun gaji. Yarinyar nan ta zauna ta jujjuya ranakun, ta fitar mana da yini guda a can. Har nan lafiya lau.

Rigima ta farko a kan tsawo ce. Zaren nan iyakarsa cibiyata. Na ce kunya ce a ce ƙato kamar ni ya shiga gaban Uwa Maryamu da kyandir ɗin yaro bayan ya sa ta jira tsawon rai, a ƙara zare a yi shi tsawona. Lambis ya ce ba zai shiga mota ba, kuma zafin Yuli zai lanƙwasa shi ya koma kamar sandata. Stamatiya ta ce, “Wane tsawon naka, Baba? Na lokacin aurenka ko na yanzu? Ai ka rage.”

Ta biyu ita ce babba. Na ce zan hau da rarrafe yadda mahaifiyata ta faɗa. An ce hanyar miƙaƙƙiya ce daga tashar jirgi, hawa ce, har shimfiɗa suka yi a gefe don masu rarrafe. Sai na fara gwaji a tsohon garke da sassafe, daga ƙofa zuwa kwamin ruwa. Rana ta uku Stamatiya ta zo ba sanarwa ta same ni a ƙasa, karen maƙwabci na bina a baya yana tsammanin wasa ne. Ta zaci faɗuwa na yi. Da ta gane, sai ta zauna a kan kwamin ta yi ta kuka, ni kuma na kasa tashi sai da ta kama ni, wannan ya ƙara ɓata lamarin. Ta ce, “Zuciyarka da ƙwaya take tafiya. Na ga irinka da yawa an shigo da su a kan gado. Ka rantse da kabarin Kaka Argiro ba za ka durƙusa ba, in ba haka ba in mayar da tikitinka, mu tafi mu uku.” Na ce, “Da kabarin wadda ta ɗora mini zan rantse in saɓa mata?” Ta ce, “Taurin kai kamar tsohon rago.” Na ce, “A wurin wa kika gada?” Tun ranar ba ta kira ni ba, sai dai ta aiko Lambis da miyar wake.

Na je wurin limamin cocinmu, yaro ne ɗan jiya, ya ce Allah zuciya yake dubawa. Na ce ai ita 'yata ma zuciyar take dubawa, shi ya sa muke faɗa.

Ina son tafiyar nan, Uwargida, ba zan ɓoye miki ba. Ina so in tsaya a saman jirgi da malafata, in ga zakunan nan, in ci kifin da bai kwana a mota ba. Amma in na isa Tinos na taka hanyar nan da takalmi kamar ɗan yawon buɗe ido, da wane ido zan dubi mahaifiyata in mun haɗu? Matar Timiyos ce ta ce in tambaye ki, wai ke ba kya tsoron tsofaffi. Ki amsa kafin a mayar da tikiti. Ni dai mako mai zuwa da safe zan hau motar farko zuwa Karditsa da zarena da kakin zumar amyata, in kai wa mai yin kyandir. Daga nan in biya kasuwa in nemi irin matashin gwiwar da masu shimfiɗa tayil ke ɗaurawa.

Tsohon makiyayi mai sabuwar malafa

*

Baba mai malafa,

Ka je wurin mai kyandir, amma kuɗin matashin gwiwa ka saya wa Timiyos gahawa da su, ya sha aiki.

Mu fara da tsawo, shi ne mai sauƙi. Kada ka ƙara wa zaren ko taƙi. Mahaifiyarka ta auna, ta yanke da haƙorinta, wannan shi ne bakancen. In ka haɗa shi da zaren kanti, naka ne kuma, ba nata ba. Ka sa a yi kyandirin da kauri, a naɗe shi a bargo, ya kwanta a ƙasan mota nesa da taga. Lambis ya yi gaskiya a nan, sai ka daure ka gaya masa.

Maganar rarrafe kuwa, ba zan ce maka wasa ba ce. Mutumin da ya riƙe zare shekara da shekaru saboda kalma biyu ta uwarsa ba a ce masa ya manta. 'Yarka ta yi kuskure da ta sa ka rantsuwa da kabari, kuma ta yi kuskure da ta mai da tikiti bulala. Amma ka tuna abin da ta gani: ubanta a ƙasa cikin garke, ya kasa tashi. Ita ta san yadda ake shigo da tsofaffi asibiti a watan Yuli. Ba don kufai ta haɗa tafiyar nan ba, don kai ta haɗa, kuma tana so ta dawo da kai.

Yanzu ka sa Timiyos ya sake karanta maka farkon wasiƙarka. Me mahaifiyarka ta roƙa? Yaron nan ya tashi. Gwiwoyin da ta yi alkawari nata ne, ta tafi da su. Abin da ta damƙa maka zare ne. Abin da aka ba ta kuwa ƙafafunka ne, waɗanda likita ya ce sun gama aiki. Za ka yi wannan doguwar tafiya, ka isa gaban wadda aka roƙa, sannan ka naɗe kyautar ka ja ta a ƙasa a bayanka?

Ga abin da za ka yi. Daga Karditsa kada ka koma gida, ka wuce Larisa da kanka, ba saƙo ta bakin suruki ba. Ka ce wa Stamatiya ba za ka rantse ba, amma ka ba ta kalmarka, na san tana da nauyi. Ku je tare likitan zuciyarka ya duba ka. A Tinos ku hau da sanyin safiya, da ruwa a hannu, ka huta inda ta ce ka huta. In likita ya yarda, ka roƙe ta abu ɗaya: a ƙofar coci ka durƙusa sau ɗaya da sunan Argiro, ita ta riƙe ka a dama, Zinoviya a hagu. Ina jin ba za ta hana ba. Ina jin ma za ta riga ka kai gwiwa ƙasa.

Sauran hanyar kuwa, ka taka ta a tsaye, ba gaggawa, kyandir ɗin yaro ɗan shekara shida a kafaɗarka, kowa ya ga inda ya tsaya da inda ka kai.

Allah Ya kwantar muku da teku, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku ku huɗu. Ka shafa mini kan zaki ɗaya da ido, don ba a bari a taɓa. Kuma ka riƙe malafar da kyau, iskar tsibirai ba ta san sabuwa ba.

Fotini