Da'irar Ruwa a Kan Tire

Mandawari, Kano
12 ga Yuli, 1999

Ya Husaina, hasken idona, raɓar safiyata, ruwan randa a tsakiyar bazara, amincin Allah ya lulluɓe ki.

Kin tuna ranar da na zo zance bayan la'asar, kika tambaye ni me nake yi wata bakwai a gaban kwamfutar sashenmu na kimiyya a jami'a? Na roƙi tire da buta. Na tsiyaya ruwa a tsakiya, ya bazu da gudu, sai can ya ci birki, ya yi kauri, ya zana da'ira. Na ce miki haka rana take hura iska mai gudun wajen kilomita ɗari huɗu a daƙiƙa, har ta je inda iskar tsakanin taurari ta tare ta. Babu na'urar da ta isa iyakar nan tukuna, lissafinta kawai muke yi. Kika sa yatsa a da'irar kina dariya. Ban taɓa nuna wa kowa ba sai ke.

Jiya Gwaggo Kande, mai koko a ƙofar gidanku, ta ce kin fito da tiren nan kin nuna wa Shehu, sabon kansila. Wayyo Husaina! Da'irarmu? Me ya sani game da rana, ban da ya shige mota ya guje mata? Wai har ya yi alkawarin ja muku famfo. Famfo! Ashe inuwar giginya kika zama, na nesa ka sha?

Ba na son zalunci. Ban gani da idona ba, shaida ɗaya ce, idon Gwaggo kuma ya yi rauni. Amma ta ce ranar Talata Shehu ya zo, ya dawo Alhamis.

A lissafina, idan matsin waje ya ƙaru, iyakar rana matsowa ciki take yi. Ƙarfin iskar kuwa, a ninka nisa biyu, sai ya koma rubu'i. Ni ga shi Asabar zan tafi bautar ƙasa Kalaba, shekara guda. Ina zan sa kaina?

Baffa ya yarda ya je wajen mahaifinki ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, amma ya ce ba zai sa babbar riga ba sai na tabbata kina so na. Na kasa yi masa ƙarya, na ce ban tabbata ba. Don Allah ki aiko mini da kalma ɗaya kafin ranar.

Malamaina sun horar da ni in sa "wataƙila" a kan duk abin da na rubuta. Ki duba da kyau, nan babu ita: ina son ki, kuma ba zan so wata ba.

Naki har numfashin ƙarshe,
Mubarak