Karen da Ke Tsoron Sunkuyo

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kawo kare gidan Bappa. Na rubuta ne don in gani da idona, ko na yarda cewa ni Barakatu ce na aikata.

Mun fito daga kasuwar Sabon Gari ni da Bibiana, abokiyar aikina a ofis, sai muka gan shi kwance a lambatu, wayar ƙarfe ta nutse masa a wuya har ƙuda na bi. Ko kuka ba ya yi. Bibiana ta ce daga kejin masu sayen karnukan nan ya kuɓuce, waɗanda ke yawo a babur suna kai su inda ake ci. Ita ta naɗe shi a buhu, ni dai bayan mota na buɗe. Likitan dabbobi a Samaru ya cire wayar, ya yi masa allurai, ya ce a tafi da shi gida. Wane gidan? Bibiana ta ce mijinta Amaechi yana son kare, amma akwai jikoki a ɗaki, kuma kare matsoraci shi ke cizo. "Hajiya Baraka, ki riƙe mini shi ƙanƙani, abeg. In ya daina rawar jikin nan zan zo in ɗauka." Na ce to. Ban san me ya shiga kaina ba.

Yana cikin tsohon akurkin kaji, bayan kicin ɗina.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bappa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ƙanen mahaifina ne, gidan nasa ne, ni kuma tun da aurena ya mutu nake zaune a sashen baya. Ya tsaya da carbinsa ya ce kare a gidan Musulmi sai na gadi, ko na farauta, ko na gona. Wannan na me ne? Na ce na gadi. Ya leƙa akurkin, karen ya matse a lungu ya saki fitsari.

"Yana haushi?"



Ya ce kafin bikin Naila, autarsa, a ƙarshen Mayu, ko ƙawata ta ɗauke shi, ko shi da kansa ya tsayar da masu babur ya ba su kyauta. Na ce in sha Allahu ba za su ƙara taɓa shi ba. 

Laraba, 9 ga Afrilu

Ba ya ci sai babu kowa. Kwanonsa daban, sosonsa daban, ina sa leda a hannu. Kada wani ya zo ya koya mini tsarki.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na yi ɓarna. Naila ta gani a waya cewa wasa ne maganin kare mai tsoro, a jefa masa ƙwallo ya ɗauko. Na sayo ɗan ƙwallo na yara. Da yamma ya ɗan fito bakin akurki yana shan iska, karon farko ke nan. Na ajiye ƙwallon, na sunkuya na ɗauka, na ɗaga hannu. Wani irin ihu ya yi kamar an taka jariri, ya afka ciki har ya buga kai da katako.

Na tsaya da ƙwallo a hannu kamar wata sakarya. Wa ya rasa sanin haka a garin nan? In kare ya tare maka hanya, sunkuyawa kake yi kamar za ka ɗauki dutse, ko da dutsen babu, shi ke nan ya arce. Karnukan cikin wayar Naila ba a taɓa jifansu ba. Shi kuwa wannan, duk wanda ya taɓa sunkuyawa a gabansa dutse ya ɗauko.

Litinin, 14 ga Afrilu

Bai taɓa abincin ba. Zafi ya sa na yi la'asar a tsakar gida, ina yin ruku'u na ji ya sake afkawa lungu. Shara ma haka. Ashe rabin rayuwar mace a sunkuye take yin ta, ban taɓa lura ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na sake dabara. Ba tsayuwa, ba sunkuyo, ba ɗaga hannu. Ina dawowa daga ofis sai in shimfiɗa tabarma nesa da akurki, in zauna in ba shi gefe, in sha mangwaro. In na gama sai in tura ƙwallon mangwaron da ɗan yatsan ƙafa, ya gangara wajensa. Ba na kallonsa. Shi ma yana yi kamar ba ya kallona. Mu biyu kamar masu gaba.

Talata, 22 ga Afrilu

Ya ɗora ƙafa a kan ƙwallon mangwaron. Ya janye da sauri, amma ya ɗora.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Labari ya zaga unguwa. Matar maƙwabcinmu ta leƙo wai aron rariya, idonta kuwa yana bayan kicin. A gidan suna jiya na ji wata tana cewa mace da shekarunta, da aikinta na gwamnati, ta rasa abin yi sai zama da kare. Wata ta ce ai rashin miji da rashin ɗa ne ke jawo haka. Ban tanka ba, don da na tanka da an fasa sunan. Lokacin da na kwanta asibiti bara ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba, yau sun san ina raye.

Na raɗa masa suna. Baruwanku. Da ƙarfi nake kiran sa, ta kan katanga.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutu, na wuni a gida. Ya bi ƙwallon mangwaro da gudu! Ya wuce shi, ya yi birki, ya dawo ya cafe, ya girgiza kai kamar ya kama ɓera. Daga nan ya tsaya yana waige-waige, ko za a doke shi a kan laifin jin daɗi. Wannan waigen ya tsaya mini a rai. Na ji tausayinsa har na kasa ƙarasa mangwaron.

Asabar, 3 ga Mayu

Babur ya wuce ta ƙofar baya da ƙara. Mun koma gidan jiya. Wuni guda a lungu. Na gaji, wallahi na gaji, amma ba zan nuna wa Bappa ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na fara koya masa sunkuyon da kansa. In ɗan rusuna kaɗan, in ajiye kan kifi, in miƙe in tafi. Gobe in ƙara rusunawa. So nake ya gane ana iya sunkuyawa a ajiye, ba sai an ɗauka ba. Bayana ciwo yake yi. Naila ta ce Yaya Baraka, ko surukai ba a yi wa irin wannan gaisuwar.

Bappa ya wuce za shi masallaci, ya ce, "Har yanzu dai ban ji haushi ba." Na ce mai gadin kirki ba ya surutu. Ya kalle ni ya wuce. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai a kan karen nan, kuma ban ji nadama ba.

Talata, 13 ga Mayu

An yi ruwan fari jiya, ƙasa ta yi laushi. Na fito da ƙwallon mangwaro a hannu, a tsaye. Sai ya taho ya tsaya gabana, ya shimfiɗa ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama, wutsiya na kaɗawa. Na ɗauka ciwo ne. Naila ta ce a'a, haka suke yi in suna gayyatar wasa.

Ashe su ma suna da nasu sunkuyon.

Na duba babu kowa sai Naila, na dafa gwiwoyi na sunkuya masa. Ya yi tsalle ya zaga tsakar gida kamar mahaukaci, ya ture bokiti, ya dawo ya sake yi. Na jefa ƙwallon, jifa sosai, da hannu sama, ya bi. Naila ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na ce in ta gaya wa ƙawayenta ba zan yi mata alkaki ba.

A tsakiyar wasan ya gogi hannuna da kansa, babu leda. Na wanke. Gashin nasa da laushi, ban zata ba.

Asabar, 17 ga Mayu

An kawo ragon layyar Bappa da wuri, an ɗaure a gindin dalbejiya. Baruwanku ya je ya sunkuya wa ragon, yana gayyatarsa. Rago ya tsaya yana tuƙa, ko a jikinsa. Ya sake sunkuyawa. Shiru. Sai kawai na ji "wau!" Shi kansa ya firgita da muryarsa, ya waiwaya yana neman wanda ya yi.

Na ruga zaure ko mayafi ban gyara ba, na ce Bappa ka ji? Ya ce ya ji, ya kuma ji daɗi da aka samu mai tsare gidan daga ragonsa. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san haushin wasa. Maganarsa tana nan, biki saura mako.

Na buga wa Bibiana. Za ta zo Talata.

Talata, 20 ga Mayu

Ta zo da sabuwar sarƙa, Amaechi ya riga ya gina masa ɗaki. Na tare ta a bakin sashena na ce gaskiya bai warke ba tukuna, har yanzu yana tsoron baƙi, kada ya ciji jikokinta. Ina cikin bayanin nan ɗan banza ya taho da ƙwallon mangwaro a baki, ya ajiye a kan takalminta, ya sunkuya.

Bibiana ta kalle shi, ta kalle ni. Na ce yau ne kawai, jiya ba haka yake ba. Ta mayar da sarƙar cikin jaka tana girgiza kai. "Hajiya Baraka, Allah ya ba shi lafiya," in ji ta, dariya na cin ta. Na raka ta titi, ba mu ƙara maganar ba.

Sai da na dawo na gane abin da na yi. Ita ce kaɗai mafitarsa, kuma ni na sallame ta. Bappa ya ga fitarta hannu wofi.

Laraba, 21 ga Mayu

Na tambayi ɗakin haya a unguwar Bomo. Tambaya kawai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Da hantsi na ji hon ɗin masu sayen karnukan daga bakin layi. Ban je ofis ba, jikina ya ba ni. Bappa yana zaune a ƙofar gida a kan kujerarsa, ana kafa rumfar biki. Na zo na tsaya a zaure, Baruwanku ya maƙale a bayan ƙafafuna yana rawa, amma bai gudu ba. Na shirya maganata. Zan ce in an ba su shi, to a nemi wanda zai zauna a sashen baya. Ban taɓa jin tsoro da fushi sun haɗu mini haka ba.

Babur ya rage gudu, keji a baya, idanu a ciki. Wani ya gaya musu, na tabbata. Mutumin ya ce, "Baba, an ce akwai kare."

Bappa ya waiwayo cikin zaure. Ya daɗe yana kallonmu, ni da shi. Ya juya ya ce, "Ku wuce. Babu."

Da ƙarar babur ɗin ta ɓace, bai ko kalle ni ba ya ce a ɗaure shi ranar Asabar, kada ya tsorata baƙi.

Na ce to, Bappa. Maganar da na shirya ba ta yi amfani ba, na koma bayan kicin na zauna a tabarma. Hayaƙin masu girkin biki ne ya sa idona ruwa.

Bayan biki zan kira kafinta. Akurkin nan ya yi wa karena kaɗan.