Katunan Baba

Litinin, 3 ga Maris
Yau na tambayi 'yan ajina yadda mutum yake tuna abu. Duk sun ɗauka akwati ɗaya ne a ka, in ya ɓace komai ya tafi. Na ce a'a, tuna suna daban, tuna abin da hannu ya iya daban. Suka rubuta. Na dawo gida a gajiye, Baba, da mantuwar tsufa ta kama, ya gaishe ni kamar baƙuwa.

Laraba, 5 ga Maris
Dabarar da nake yi wa ɗalibai ita nake masa: a tambaya, a huta, a sake tambaya. Na yanka katuna, hoto a gaba, suna a baya. "Baba, wace ce wannan?" Ya daɗe yana duban hotona. Sai ya ce, "Malama, ban yi bita ba." Ya ɓoye hannuwansa a baya kamar mai jiran bulala.

Alhamis, 6 ga Maris
Ya ci biyu cikin goma. Ba ni a ciki.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta zo. "Ke Auta, nan gida ne ko aji? Saura jan biro." Na jero mata abin da littattafai suka ce. Ta ce ko littattafan sun ga yadda yake ture abinci in ya hango katunan. 

Talata, 11 ga Maris
Ban fito da katunan ba yau. Gajiya ce kawai.

Juma'a, 14 ga Maris
Ƙusar ƙofar aji ta yage mini hannun riga. Da la'asar ina zaune kusa da tsohon keken ɗinkin Baba, ina fama da zare da allura, sai ya karɓe. Shekara arba'in yana tela. Zura ɗaya, zaren ya shige. Ya auna hannuna da tafinsa, ya ce, "Na hagun nan kullum sai na ƙara masa yatsa ɗaya. Tun kina firamare."

Bai faɗi sunana ba. Ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Katunan suna ƙasan akwati. Ban dai zubar ba. Na sa wa keken mai.

Aikin gida na gobe: kowa ya miƙa wa tsohon gidansu abin da hannunsa ya saba da shi, ya yi shiru, ya gani. Banda tambaya. Ni har na warware ɗinkin wata rigar.