Kada Ka Kwashe Tokar

Baba,

Ka yi haƙuri da na rubuta maka maimakon in faɗa da baki. Ka san in raina ya ɓaci muryata rawa take yi, Kawu Toivo kuma sai ya kwaikwaye ni.

Jiya da kuka gama haɗa tsohon murhun ɗumama gidan da kuka sayo wajen dattijo Lahti, ka ce sai an ƙona takarda an ga ko bututun yana jan hayaƙi. Ga jaridu jibge a bayan ƙofa, amma sai ka zura hannu cikin kwalina. Koren littafin nan da ka yayyaga labarina ne, na farko a rayuwata. Shafi arba'in da ɗaya, tun hutun makaranta nake rubuta shi.

Da na yi ihu, Kawu cewa ya yi, "To malama, yau dai bokonki ya ɗumama gida!" Kai kuma ka taya shi dariya, Baba. Ita ce ta fi yi mini ciwo.

Kada ka kwashe tokar, kada kuma ka hura wuta. Na leƙa ɗazu, akwai shafukan da wuta ba ta cinye ba can ƙurya. In na taso daga makaranta zan tsince su da kaina. In sanyi ya dame ku, ku ƙara riga.

Kai ne gwarzon labarin. Zan sake rubuta shi, amma ban yi alkawarin kai ne za ka sake zama gwarzon ba.

Na ji motsinku a rumfar itace. Ta ƙofar baya zan bi in tafi makaranta, don kada mu haɗu.

Aila