Na Tsinke Igiyar Laita

Laraba, 14 ga Maris, 2007, Samaru

Alhamdu lillahi, ba ciwon daji ba ne. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina ya duba, ya ce sanyi ne ya kama huhun, magani zai kore shi. Tun da tarin nan ya fara nake tuna marigayi Sule direba, yadda kansar huhu ta tsotse shi kamar rake.

Ya tambaye ni taba kara nawa nake sha a rana. Na ce ranka ya daɗe, sayarwa nake a teburina a unguwar PZ, ban taɓa sa ta a baki ba, mai wayo ba ya cin jarinsa. Ya ce to a ina masu saye suke kunnawa? Na ce a nan gabana. Laita na ɗaure da igiya a jikin tebur, don mutum ya kunna, ya tsaya hira, ya ƙara sayen wata. Har alfahari nake da dabarar. Ashe shekara da shekaru hayaƙinsu nake sha kyauta!

Ina komawa na sa reza na tsinke igiyar. Kofur Bulus na barikin Basawa ya sayi kara biyu, ya laluba, babu wuta.

"Malam Iliya, tuba ka yi?"

Na ce, "Kofur, tuba sai a hankali. Taba dai ga ta, wuta kuma tana wajen mai shayi, tsallaken titi."

Ya tsallaka yana ƙunƙuni. Wataƙila na rasa shi. To, ya je, ƙirjin nawa ne.