Ni Ba Dokita Ba Ce, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabin da 'ya take yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan sallama ta same ki cikin ni'ima da sanyin makwanci.

Shekara uku ke nan da aka fita da ke daga gidanmu na Zongo. Muna nan lafiya. Ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo Asabe, ta karɓi tukunyar wake da shinkafar da kike sayarwa a bakin masallaci. Hannunta bai kai naki ba, kowa ya sani, ita ma ta sani, amma masu saye ba su guje ta ba. Autarki Safiya ta ci jarrabawar Bak, ta gama sakandare. Yau Juma'a aka rufe zaɓen fannin karatu a jami'a, kuma wannan zaɓe nata shi ya sa na zauna rubuta miki.

Akwai maganar da na ɓoye miki, kika tafi ba ki ji ba. Da gangan na sa ta a buɗaɗɗiyar wasiƙa, a nan inda mutane ke karantawa. Kin san Zongo, kafin la'asar za ta kai har rumfar mahauta. Su karanta, na gaji da riƙo.

Inna, ni ba dokita ba ce. Ban taɓa zama ba, kuma ba zan zama ba.

Kin tuna ranar da sakamakona ya fito? Mata suka cika tsakar gida ana guɗa, kika raba abincin sayarwarki kyauta har ƙanzo. A unguwarmu aiki uku aka sani idan yaro ya ci Bak: dokita, lauya, ko kwastan a tashar jirgin ruwa. Kafin azahar matan sun gama yanke min nawa, ina zaune ina kallo. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake so, ni ma ban tambayi kaina da kyau ba.

Na dai gaya miki malaminmu na Faransanci ya ce in karanci harsuna, tunda ga Hausa, ga Mina da na tsinta a kasuwa, ga Turancin da na ɗauko wurin danginmu na Gana. Kika yi dariya har kika ajiye ludayi. Kika ce, “Harshe kuma? Abin da kowa ke da shi a baki, shi ma sai an je jami'a?” Na yi dariyar ni ma, maganar ta mutu a nan.

Da zan ce tilasta min kika yi, da na yi miki ƙarya ta biyu. Ga gaskiyar abin da ya kama ni. Ni ce 'yarki ta fari, kuma kin riƙe alkunya irin ta iyayenki na can gida. Shekara goma sha tara ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Sai “ke”, sai “yarinyar nan”. Sunan Safiya kuwa sau goma kike kira kafin a sha koko. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma yana min ciwo, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da yammacin ranar nan kika leƙo daga madafa, a gaban mutane, kika ce, “Dokita, zo ki ci abinci.” Kin samu abin kirana da shi wanda ba zai karya miki kunya ba, kuma kika kira shi da ƙarfi, kina kallon fuskata. Inna, da kin ce in karanci haƙar rijiya a ranar, da na sa hannu.

Shekarar farko na faɗi. Wannan na gaya miki, kika ce in sake, Allah Yana tare da mai haƙuri. Na sake, na zauna da littattafan nan har idona ya yi ja, amma kaina ya ƙi karɓa. Ba lalaci ba ne. Akwai yarinyar da muke zama tare a aji, ita da ta ga hoton ƙashi sai fuskarta ta washe, ni kuwa sai in ji barci. Na sake faɗuwa, aka ce ba ni da dama ta uku.

Ranar na taho a ƙafa daga jami'a har na wuce Tokoin, ina shirya yadda zan faɗa miki. Na shigo na tarar kina goge min farar rigar da kika sa tela ya ɗinka, da dutsen guga na gawayi, kina hura wuta. Kika ɗago kika ce Dokita ta dawo. Na ce miki na ci jarrabawar. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Na koma fannin harsuna a ɓoye. Kullum da safe in hau zemijan, babur ɗin haya, da farar riga a hannu, muna shan kwana in cusa ta a jaka. Abin haushin shi ne, a can na zama ta gaba a aji. Karatu ya zame min kamar shan ruwa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Matan unguwa suka fara kawo min takardunsu na asibiti in duba. Game da su na sami mafita: in fassara musu abin da aka rubuta da Faransanci, in ce sauran su koma wurin wanda ya rubuta, mu ɗalibai an hana mu sa baki. Ba wadda na cuta a cikinsu. Ke kaɗai na cuta.

Lokacin da ƙafafunki suka fara kumbura, kika je ƙaramin asibitin nan, aka tura ki gwajin jini, aka ce ki mayar wa likitan da sakamakon. Ba ki mayar ba. Kika ce wane layi za ki je ki bi tun asuba, tukunya tana jira, alhali kina da dokita a ɗaki. Kika miƙo min takardar a gaban Gwaggo Asabe, kina gyara ɗaurin kallabi, kina jira ta ga aikin 'yarki.

Na karanta kowace kalma, amma ban san ma'anar ko ɗaya ba. Lambobi ne da gajerun haruffa, wasu an sa musu alama a gefe. Abin da ya kamata in ce bai fi ƙarfin bakina ba, kuma na faɗa wa mata fiye da ashirin kafin ke. Amma na ga yadda kike kallona, na so sau ɗaya in zama abin da kike kira. Na ce jini ne ya ɗan hau da gajiya, ki rage gishiri, ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi. Kika juya ga Gwaggo kika ce, “Kin ji ko?”

Na ninke takardar na sa a jaka, da niyyar in nuna wa waccan ƙawar tawa da ta ci gaba da karatun. Sai na riƙa jin kunyar zuwa inda aka kore ni. Yau gobe, yau gobe. Kika rage gishiri kamar yadda na ce, har masu saye suka fara ƙorafin miya. Wata biyar a haka.

Ranar da kika yanke jiki kika faɗi a bakin tukunya, muka kai ki babban asibiti. Likitan ya ce ƙoda ce, kuma ta daɗe tana lalacewa. Ya tambaya ko an taɓa yi miki gwaji. Takardar tana cikin jakar da ke kafaɗata, na yi shiru. Ya ce da an zo da wuri da an ja lokaci. Kina kwance kina gaya wa ma'aikatan jinya su yi hankali, 'yarki abokiyar aikinsu ce. Kwana goma sha ɗaya kika yi.

Malamin masallacinmu ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yi imani da haka. Amma imanin bai taɓa hana ni jin cewa da hannuna na ninke takardar nan ba.

Bayan shekara na gama digirina, ba wanda ya je, don ba wanda ya sani. Yanzu ina aiki a wani ofis a Nyékonakpoè, ina fassara takardun kayan da jiragen ruwa ke kawowa. Aikin yana da kyau, na iya shi, shi ke ciyar da gidan. A Zongo kuwa an ɗauka horo nake yi a asibiti. Gwaggo har ta fara tambayar yaushe za a yi walimar gamawa.

Da haka zan ci gaba, ba don Safiya ba. Kin san ta da shuke-shuke, duk gwangwanin tumatir da aka zubar sai ta mai da shi lambu. Tun tana aji uku take cewa aikin gona za ta karanta. Amma da sakamako ya fito, matan nan suka sake cika tsakar gida, Gwaggo ta ce gidanki zai tashi da dokita biyu. Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Daga baya ta ce min za ta bi sawuna, tunda abin da ya faranta miki ke nan.

Shekaranjiya da hantsi na kira ta bayan gida inda shukokinta suke, na gaya mata duka. Na ce kada ta zaɓi karatu don guɗar mata, guɗa ta yini ɗaya ce, aikin kuwa ita za ta tashi da shi kowace safiya har ta tsufa. Na ce ta duba abin da kanta ke karɓa, ta je ta tambayi masu yin aikin yadda yake. Na shirya maganar da kyau, na zaci 'yantar da ita nake yi.

Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, “Yaya, to takardar Inna fa? Ba ki san abin da ke ciki ba?”

Na ce ban sani ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, tun daga lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yau da safe ta tafi jami'a ita kaɗai, ta ƙi in raka ta. Da ta dawo na tare ta a zaure na tambaye ta me ta zaɓa. Ta ce likitanci. Na ce Safiya, aikin gonar fa? Ta ce, “Ina so idan aka miƙo min takarda in san abin da ke ciki.” Ta wuce ni.

Inna, ina tsoro. Ban san ko da so ta zaɓa ko da fushi ba, kuma na san yadda ajin nan yake ga wanda zuciyarsa ke wani wuri. Na yi shiru na rasa ki. Na yi magana, ga shi na tura ƙanwata inda nake son janye ta. Ba ni da bakin ba ta shawara yanzu, ni na zubar da shi da kaina.

Ki yafe min. Na san ba a neman yafiya ta takarda wurin wanda ya riga mu, amma ban san wata hanya ba. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya buɗe wa Safiya kai a kan abin da ta zaɓa, in kuwa ba alheri ba ne gare ta, Ya ba ta ƙarfin dawowa gida ta faɗa da bakinta tun a ranar farko. Ni kuma Ya yafe min, Ya sanyaya zuciyarta a kaina. Amin.

Wassalam.

'Yarki mai neman gafara,
Rabi